Akuyar da Farfesa Ya Mayar

A shekarar da cuta ta shiga gonakin citta, Azariya ya tona gonarsa daga wannan gefe zuwa wancan bai tarar da komai ba sai ruɓa mai wari. Haka maƙwabtansa na Aduwan da ke Kafanchan, haka mutanen Kwoi da Kachia. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce taki ne, fasto ya ce a tuba. 'Yarsa Scholastica kuwa aiki ta kama. Ta bi gonakin da leda a hannu tana tsintar ruɓaɓɓiyar cittar, tana yankawa, tana ɗaukar hoto da wayarta, tana tambayar manoma yaushe ganyen ya fara yin rawaya.

Scholastica ta karanta ilimin tsirrai a jami'a. Ta gama bautar ƙasa ta dawo gida, ta kama koyarwa a wata makarantar kuɗi cikin Kafanchan, inda albashi ke zuwa lokacin da mai makarantar ya ga dama. Mahaifiyarta ta rasu tun tana aji biyu a jami'a, don haka tukunyar gidan a hannunta take. Ita ke ciyar da uban da yayanta Dickson, wanda ya karanta harkar mulki, ya nemi aiki har ya gaji, ya koma acaɓa a bakin tasha.

Akwai wata gidauniya da ke tura waɗanda suka gama digirin farko ƙasar waje su ƙaro karatu. Ita ke biyan makaranta, da masauki, da abinci, da kuɗin jirgi. Scholastica ta nema, ta rubuta musu cewa cutar citta take so ta bincika, ta dawo da magani ko da irin da zai jure. Ta yi rubutun a shagon kwamfuta da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, bayan an tashi makaranta, kafin ta koma ta ɗora tuwo. Ba wanda ya taimake ta. Gara a faɗi wannan tun yanzu, domin daga baya kowa ya ce da hannunsa a ciki.

Ta tsallake tantancewar farko. Aka kira ta intabiyu ta bidiyo, ta ari ofishin hedimasta saboda can ne waya ke kamawa sosai. Wata mace mai mayafi, Hajiya Zamzam, sakatariyar gidauniyar, ita ta jagoranci zaman. Cikin masu tambaya akwai wani dattijo mai furfura, Farfesa Meshak, wanda ya matsa mata da tambayoyi har ta yi gumi, sannan a ƙarshe ya tambaye ta daga ina take. Da ta ce Kafanchan sai ya yi murmushi ya ce shi ma daga bayan dutsen Kagoro ya fito, kuma cittar ƙaninsa ma ta ruɓe. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Aka sanar da ita ta kai zagayen ƙarshe, wanda za a yi ido da ido a Abuja bayan sabuwar shekara. Aka kuma ja kunnenta da babbar murya: kada mai nema, ko wani nasa, ya kusanci ɗaya daga cikin alƙalan da roƙo ko da kyauta. Wanda ya yi, an cire shi, kuma ba zai sake nema ba har abada.

Da yamma tana zuba wa ubanta miya ta ba shi labari duka, har da murmushin Farfesa, har da jan kunnen. Murna ce ta sa ta faɗa. 'Ya ce ta gaya wa ubanta abin alheri, ba wanda zai kira wannan laifi.

Ranar Lahadi, lokacin shaida, Azariya ya miƙe a coci, dattijon ikkilisiya da babbar rigarsa, ya ce Ubangiji ya buɗe wa gidansa ƙofar Turai. 'Yan zumunta mata suka yi guɗa. Scholastica ta sunkuyar da kai, don ta san ba a gama ba. Kafin a tashi sujada labarin ya kai kunnen Rufus, ƙanin Azariya.

Rufus ya yi shekarunsa yana masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Ya ga yadda ake raba guraben aiki, ya ga yadda kansila ke cire sunan wannan ya sa na wancan kafin a sha shayi. Daga nan ya ɗauki darasi ɗaya, bai ƙara koyon komai ba: duk wani abin alheri a duniya silot ne, wato gurbi, kuma silot yana hannun wani mutum, mutumin nan kuma yana da gida da za a iya zuwa a gaishe shi. Kunnensa ɗaya ya mutu, don haka ba ya iya magana a hankali. Hausarsa kuma ba ta bambanta mace da namiji.

Ya zo da la'asar suka zauna da Azariya da Dickson a gindin mangwaro. Ba a kira Scholastica ba. Tana bayan danga tana ba akuyarta ɓawon doya, baƙar akuya mai farin kunne, 'yar akuyar da mahaifiyarta ta bar mata. Muryar Rufus ta isa har can.

Ya ce yarinya ta yi ƙoƙari, ba wanda ya musa, amma kada Azariya ya ruɗi kansa. 'Ya'yan manya nawa suka nema daga Legas da Kano, sai 'yar manomin citta ta wuce su? Farfesa ne ya ji harshen gida ya riƙe wa gida silot. To idan babban mutum ya riƙe maka abu ba ka je ka gaishe shi ba, zai saki. Wannan ɗaya. Na biyu, silot na gida ne, gida kuwa na Dickson ne. Yarinya gobe wani zai kawo sadaki ya tafi da ita da Turai ɗin gaba ɗaya, a riƙa kiran sunan wani gida a coci. Dickson shi ne babba, shi ma yana da digiri, ga shi rana tana ƙona shi a kan mashin. Citta kuwa wane yaron Kafanchan ne bai san citta ba?

Dickson bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Yana ta jujjuya makullin mashin a yatsa.

Scholastica ta wanke hannu ta fito ta durƙusa gaban ubanta. Ta ce wannan ba irin aikin ƙaramar hukuma ba ne, ba a canja suna, kuma ita aka yi wa tambayoyi, rubutunta aka karanta. Ta maimaita jan kunnen da aka yi mata kalma bayan kalma.

Rufus ya juyo da kunnensa mai ji ya ce, "Wannan doka na takarda ne, Schola. Kowane ofis yana da irinsa a manne a bango. Ni na manna su da hannuna."

"Baba Rufus, idan kuka je, ni da Buroda Dickson duk ba mai samu."

"Ka ji ko?" in ji Rufus ga yayansa. "Tun bai hau jirgi ba ya fara koya mana zaman duniya."

Azariya ya ce ya ji, ta tashi ta je ta duba tukunya, ba wanda zai je ko'ina. Ta yarda da shi, domin ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Ana cikin shirin Kirsimeti sai mahaifiyar Farfesa Meshak ta rasu. A ƙasarmu babban mutum ba ya ganuwa sai ranar biso. Yana Abuja, yana Zariya, wayarsa ba ta shiga, amma ranar da zai binne uwarsa dole ya zauna a ƙarƙashin rumfa daga safe har yamma, kowa ya zo ya durƙusa. Mutanenmu sun daɗe da gane haka, sun mai da gidan makoki ofis. Mai neman aiki, mai neman gurbin karatu, mai neman a sa baki a shari'arsa, duk can suke zuwa da ta'aziyya a baki da buƙata a aljihu. Mummunar ɗabi'a ce, amma ta zama jiki har ba a ganin muninta.

Scholastica ta yanke ba za ta je ba, don kada ma Farfesa ya gan ta. Ranar Asabar ɗin da za a yi bison ta tafi ɗiban ruwa da sassafe. Da ta dawo gidan shiru, mashin ɗin Dickson ba ya nan, babbar rigar ubanta ba ta kan ƙusa. Ta zagaya bayan danga ta tarar da turke da guntun igiya.

Ta ajiye bokiti ta fita da zanen da ke jikinta. Ta hau acaɓa zuwa Kagoro, daga can ta hau wani zuwa ƙauyen. Hanyar cike take da motocin manya, sai da ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. An riga an dawo daga kabari. Rumfuna sun cika filin makarantar firamare, mata cikin anko suna raba shinkafa, 'yan ganga suna hutawa. Tana kutsawa tsakanin kujeru ta ji mai lasifika yana shela cewa gidan Dattijo Azariya na Aduwan sun zo gaisuwa da akuya da doya da zuma, Allah ya sāka.

Ta hango su a gaban rumfar manyan baƙi. Ta kuma hango wadda ke zaune a hannun daman Farfesa. Hajiya Zamzam ce, ta zo daga Abuja ta'aziyya tare da wasu daga gidauniyar. Rufus bai san ta ba, kuma bai ga dalilin da zai tambaya ba. Mace ce mai mayafi, ya ɗauka ɗaya daga cikin matan 'yan kasuwa ce. Har ya ce mata ta ɗan ja ƙafa su sami wurin durƙusawa. Ta ja.

Azariya ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, Farfesa ya amsa da idanu jajaye. Da a nan suka tsaya da ba a yi komai ba. Sai Rufus ya gyara murya, muryar nan tasa da ba ta buƙatar lasifika.

"Farfesa, Mama ya tafi wurin hutawa, Yesu ya ba da haƙuri. Akwai ƙaramin magana kuma. Wannan silot na Turai da ka riƙe wa gidanmu, na yarinya Scholastica, mun gode, Allah ya ƙara girma. Amma mun zauna a gida mun ce a juya shi ga yayansa. Dickson, tashi Farfesa ya gan ka."

Dickson ya miƙe ya cire hula.

Farfesa ya dubi Rufus, ya dubi Hajiya Zamzam. Da ƙyar ya ce bai riƙe wa kowa komai ba, bai san su ba, bai taɓa ganinsu ba. Rufus ya yi dariyar wanda ya san yadda manya ke magana a gaban jama'a, ya ce ai sun gane, ba sai an faɗa ba, akuyar ma ba komai ba ce, in Dickson ya sauka lafiya za su dawo da abin da ya fi ta.

Hajiya Zamzam ta sunkuyo ta tambaye shi da tattausar murya, wace yarinya ya ce? Rufus ya ji daɗi an kula shi. Ya faɗi sunan Scholastica cikakke, da na ubanta, da unguwarsu, har da sunan makarantar da take koyarwa.

Scholastica tana tsaye bayan wata mai raba ruwa. Wani ya miƙo mata faranti yana tsammanin cikin masu hidima take, ta karɓa ta riƙe ba ta san ta karɓa ba.

Ta jira a wurin ajiye motoci har Hajiya Zamzam ta fito. Ta durƙusa a kan tsakuwa gaban ƙofar motar ta ce ita ce Scholastica, ba ita ta aiko su ba, ta hana su, ba ta ma san sun fito ba sai da ta ga babu akuyarta.

"Tashi," in ji Hajiya. "Na gane ki tun kina tahowa. Kuma na yarda ba ke kika aiko su ba."

"To a taimake ni, Hajiya."

"Jama'ar nan duk sun ji an ce Farfesa ya riƙe wa gidanku gurbi, sun ji an yi shelar akuya. Idan muka ba ki, akuya ce ta saya, haka za a faɗa har a Abuja. Shi ma Farfesa dole ya sauka daga kujerar alƙalanci, a ranar da ya binne uwarsa aka ja masa wannan." Ta buɗe ƙofar motar, sannan ta ƙara da abin da gara da ta riƙe a cikinta. "Naki ne ya fi na kowa a bana. Ba ki buƙaci kowa ya sa miki baki ba."

Ta dawo gida a bayan wata motar ɗaukar kaya tare da 'yan ganga. Ta tarar da su ukun a gindin mangwaro, Rufus yana bayanin yadda Farfesa ya nuna kamar ya ƙi, alhali ya karɓa, tun da bai ce a kwance akuyar ba. Ya ce Dickson ya fara neman fasfo. Ta gaya musu wace ce matar da aka ce ta ja ƙafa. Rufus ya ce sakatariya ai mai buga takarda ce, ya yi aiki da irinsu da yawa.

A tsakiyar mako aka kira ta a waya tana cikin aji. Ta fita baranda ta saurara. An cire sunanta, kuma bisa ƙa'ida ba za a sake karɓar nemanta ba. Wanda ya kira ya ce yana taya ta baƙin ciki. Ta ce ta gode, ta koma ta ƙarasa koya wa yara sassan fure.

Ranar Lahadi, daidai lokacin da ake fitowa daga sujada hanya cike da mutane, motar Farfesa ta tsaya a ƙofar gidan Azariya. Direba ya sauke doyar, ya sauke galan ɗin zuma, ya kwance akuyar ya ɗaure ta a jikin dangar da ke kallon titi. Ya ce Farfesa ya ce a duba a tabbata ba abin da ya ɓace. Bai karɓi ruwa ba.

Da mutanen unguwa suka zauna suka yanke hukunci, ba wanda ya ga laifin dattawan. Sun yi abin da kowane uba mai hankali zai yi. Farfesa ne mugu, irin 'yan bokon nan da ke hawa sama su janye tsani, ga shi har yana mayar da gaisuwar makoki, abin da ko arne ba ya yi. Matar Abuja kuwa an san irinsu, wa ya san wanda take so ta ba. Amma mafi yawan laifin a kan Scholastica ya sauka. Wasu suka ce da ta bi iyayenta ta durƙusa tare da su ta ce ta yafe wa yayanta, da Farfesa ya ji kunya ya karɓa. Wasu suka ce an gan ta tana raɗa da matar a wurin motoci, ita ta ɓata abin don baƙin cikin kada Dickson ya samu. Wannan ita ce maganar da ta zauna, domin ta fi daɗin faɗa. Dickson ya ji ta a tasha ya kawo ta gida, ya daina amsa gaisuwarta.

Azariya bai tambaye ta ko gaskiya ne ba. Bai kuma ce ta yi haƙuri ba. Abin da ya dame shi shi ne akuyar. Duk wanda ya wuce sai ya leƙa ya ce ga wadda ta je Turai ta dawo. Yara suka sa mata suna Farfesa. Ya ce dabbar da ta shiga gidan makoki aka koro ta ba ta komawa turke, kuma ba zai kai ta kasuwa a yi masa dariya ba. A yanka.

Scholastica ta ce, "Baba, ta Mama ce. Kuma tana da ciki."

"Da kin tuna da mamanki da ba ki kunyata gidanta ba," in ji shi. "Ki ɗora ruwa."

Dickson ya yanka a bayan gida. Ita ta babbake, ta wanke kayan ciki, ta haƙa rami a gindin ayaba ta binne abin da ta tarar a cikin mahaifar. Ta yi farfesu. Babu citta a gidan ko ƙwaya, sai da ta je shago ta sayo busasshiya 'yar ƙulli da tsada.

Rufus ya zo da cokalinsa a aljihu. Ya ci, ya yaba, ya nemi ƙari. Yana tsotsar ƙashi ya ce shi ya gane inda kuskuren yake: tun farko da sunan Dickson ya kamata a nema, da ba a sha wahalar juyawa ba. Baɗi idan an buɗe, tun da ita an rufe mata ƙofa kuma ta riga ta san hanya, sai ta zauna ta rubuta wa yayanta, ta ba shi hotunan cittar nan da ke wayarta, ta koya masa amsoshin. Ta haka za ta gyara abin da ta ɓata.

Azariya ya ce wannan magana ce. Ya ɗaga murya ya kira ta daga madafa, ya tambaya ko ta ji abin da Babanta Rufus ya ce.

Ta ce ta ji.

Ya ce to ta kawo sauran romon, kuma ta ɗebi na maƙwabta ta kai musu da kanta, gida gida, don su san ba gaba a gidan nan. Ta zuba a kwanuka ta jera a tire, ta ɗora a kai ta fita. A gidan farko matar ta buɗe kwanon ta shinshina, ta tambaye ta ko wannan ce Farfesa.